Makon Da Na Wanke Cikina Da Tukunyar Inna

Duk faɗin Jazira, daga Kamlin har Sinja, ba a haifi mai ciki irin nawa ba. Ba ni na fara faɗa ba, jama'a ne suka fara, ni dai taya su yaɗawa na yi. Na sha ruwan tur'a, wato magudanar ban ruwa, wanda jaki ya sunsuna ya kau da kai. Na ci kifin da ya wuni biyu a rana, na kora da nono, na hau keke na tafi hawasha, wato gonata, ina waƙa. Akwai daminar da gudawa ta bi ƙauyenmu gida-gida, har liman sai da ladan ya riƙe masa limanci kwana huɗu, ni kuwa a wannan makon ne aka sake wa wandona mazagi don na da ya yi kaɗan.

Saboda wannan ciki ne kwanon marara ya zama nawa. Wanda bai zauna Sudan ba sai an yi masa bayani. Idan aka yanka rago, tun tukunya ba ta hau wuta ba, ana yayyanka hanta da huhu da tumbi ɗanyu, a wanke, a zuba albasa da barkono da lemun tsami da niƙaƙƙiyar gyaɗa, a ɗiga ɗan ɗaci daga matsarmama. Kakanninmu da suka taso daga ƙasar Sakkwato ba su san ta ba. Wurin Larabawa muka gani, muka kuwa fi su iyawa. A ƙauyenmu, suna ne, ɗaurin aure ne, layya ce, gabana ake fara dire kwanon. Ni ke sa hannun farko, ni ke cewa gishiri ya ji ko bai ji ba, sannan sauran maza su miƙo nasu. Ba a naɗa mini rawani a kai ba, amma shekara ashirin da ɗoriya babu wanda ya taɓa gigin riga ni.

Mutum ɗaya abin ke ci wa rai, taubashina, ɗan gwaggona. Tare muka tashi, hawasharsa tana jikin tawa, kuma tun muna yara bai taɓa ganin abu a hannuna bai ce nasa ne ba. Siriri ne kamar karan dawa. Cinsa ya kusa nawa, sai dai har yau ba a gano inda yake kai shi ba.

Abin ya faru 'yan shekaru kafin yaƙin nan da ya ɓarke a Sudan, an gama yankan dawa kenan ana tattara kara. Ranar wata Litinin ɗiyar yayata ta iso cikin farar mota, ita da abokan aikinta maza biyu da akwatunan ƙanƙara. Yarinyar a hannuna ta koyi tafiya, ta tafi Madani ta karanta likita, ta zauna a jami'a tana bincike. Tun daga nan sunanta ya ɓace, kowa Daktora yake cewa, har da uwarta.

Aka tara mu a rakubar makaranta, wato rumfarta, maza a gaba kan tabarmi, mata a baya. Ta gaida kowa da Hausa, ko da yake Larabci na zame mata nan da can.

"Iyayena," ta ce, "a cikin hanjin kowane ɗayanmu akwai wasu ƙananan halittu. Ido ba ya ganinsu, yawansu kuma ya wuce a ƙirga."

"Tsutsa?" in ji wani dattijo da ke kusa da liman.

"A'a Baba, sun fi tsutsa ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Kuma kowa na da su, mai lafiya da maras lafiya."

"Har liman?"

"Har liman."

Liman ya gyara zama, ya shafa cikinsa.

Ta ci gaba da bayani. Ta ce akwai miyagu a cikinsu, amma mafi yawa masu taimako ne. Su ke narkar da abin da ciki ya kasa narkarwa da kansa, irin dusar dawa da ganye da wake, kuma suna cike wuri don miyagun su rasa inda za su zauna. Ta ce masana na zaton irin halittun da mutum ke ɗauke da su na da alaƙa da ciwon sukari da ƙiba da wasu cututtukan hanji, amma ba a gama ganewa ba, shi ya sa ake bincike. So suke su ga ko na mutanen ƙauye masu cin kisra, wainar nan ta dawa mai fale-fale, da miyar kuɓewa da nono sun bambanta da na mutanen birni masu burodi da lemun kwalba.

"To ta ina za ki gan su, ɗiyata? Tsaga mu za ki yi?" dattijon nan ya sake tambaya.

Nan fa Daktora ta sunkuyar da kai, ta gyara tob ɗinta, lulluɓin nan na matan Sudan. Ɗaya daga cikin abokan aikinta ne ya tashi ya faɗa da Larabci, ya ɗaga wani ɗan gwangwanin roba mai murfi, da ɗan cokali manne a jikin murfin. Kaɗan suke so daga abin da mutum ke bari in ya zagaya.

Can sai muryar wata tsohuwa daga baya: "Ya salam! Shekara bakwai tana karatu, abin da ta zo ɗiba kenan?"

Aka bushe da dariya, har ita Daktorar. Da aka lafa ta ce za su zagaya wasu ƙauyuka, su dawo ranar Alhamis su raba gwangwanayen ga wanda ya yarda. Ta ɗaga yatsa ta ce abu ɗaya take roƙo, kada kowa ya sauya komai. A ci abin da aka saba ci, a sha abin da aka saba sha, wanda kuma ya sha kafso kwanan nan ya faɗa mata.

Gaskiya ita ce wannan ƙarshen bai shiga kunnena da kyau ba. A lokacin ina can ina tsara abin da zan faɗa. Na miƙe, na dafa cikina da hannu biyu.

"Ɗiyata, kin zo inda ya dace. Ki bar bayin Allah nan su huta. Nawa kaɗai ya ishi jami'arku karatun shekara, har ku ara wa ta Hartum."

"Naka ai ba gwangwani za a kawo ba, sai lori," in ji taubashina. "To ya zol, mutumina, in aka duba aka ga ba naka ne na ɗaya ba fa?"

"In Daktora ta ga aibi a cikin nan, ko ta ce akwai wanda ya fi shi, na sallama maka kwanon marara har abada."

"Liman ka ji?"

"Na ji," in ji liman.

Daktora ta yi ta ɗaga hannu tana cewa, "Kawu, ba gasa ba ce, babu na ɗaya babu na biyu, ko suna ba ma rubutawa." Wa zai ji ta? Jama'a sun riga sun samu abin kallo.

Sai da na koma gida na zauna gindin dalbejiya tunani ya zo mini. Mu dai an san mu da abu ɗaya, baƙo ba ya ganin ƙazantarmu. In za a yi baƙi, a share tsakar gida, a yayyafa ruwa, a tura tsummokara ƙarƙashin gado, a sa turare. To ga baƙi za su leƙa har cikin hanjina da na'ura. Shekara arba'in da wani abu ina zuba kaya a wurin nan, ban taɓa sharewa ba. Kifin nan na can. Ruwan tur'ar nan na can. Kullum rediyo na cewa a wanke hannu don a kashe jarasim, wato ƙwayoyin cuta, to ai cikin da ya fi kowane ciki shi ne wanda aka duba aka tarar fes. Haka na yanke, ni kaɗai, ban shawarci kowa ba.

Washegari Talata na hau keke sai kasuwar Wad Haddad. Na fara da mai sayar da ganyayyaki na ce ta ba ni sanamakka, wanda tsofaffinmu ke kira filasko. Dama al'ada ce, wasu kan yi wankin ciki da shi gabanin azumi. Matar ta ce tsunkule uku a jiƙa, ya isa. Na ce wannan na masu ƙananan ciki ne, na sa ta cika mini leda. Daga nan na wuce wurin wani mai tallan magani a faranti, na ce ina son abin da ke kashe duk wani mai rai a ciki. Ya miƙo mini kafso ja da baƙi, ya ce ɗaya safe ɗaya yamma. Tun a gabansa na haɗiye biyu, don ni ba na son aikin rabi da rabi.

Da na dawo na tuna Daktora da baƙinta a gidana za su ci abincin rana ranar Alhamis, tunda ni ne kawu. Na shiga zagaya gida kamar mai duba gari. Uwargida ta share ko'ina. Sai da na leƙa madafa wani tsami ya daki hancina.

Tukunyar Inna ce, mahaifiyata. Larabawa hammara suke ce mata, mu tukunyar tsami. A ciki ake kwaɓa garin dawa a bar shi ya kwana ya yi tsami, da safe a shafa kisra a kan doka, faifan ƙarfen nan na gashi, ko a dama koko. Dokarta ɗaya ce, ba a kwashe ƙullun duka. Kullum sai an bar ɗan saura a gindi, shi ne irin da zai tayar da na gobe. Ta Inna baƙa ce ƙirin, bakinta ya yi ɓawon busasshen ƙullu kauri kamar tafin ƙafar manomi. Inna na cewa tsamin daga hannun uwarta ta karɓe shi ranar da aka kawo ta gidan Baba, ita ma uwar daga tata uwar. In an bar ta da labarin, sai ta kai shi har bakin Gulbin Rima. Rabin matan ƙauyenmu wurinta suka ɗebi iri. Ita kuwa ba ta taɓa roƙon na kowa ba, kuma ba ta gajiya da faɗin haka.

A makon Inna tana Sinja wurin sunan jikar ƙanwarta.

"Wannan abin baƙi za su shaƙa?" na tambayi uwargida.

"Maigida, ka rufa mini asiri ka fita harkar tukunyar nan. Ni da na shekara ashirin a gidan nan ban taɓa sa mata ruwa ba. Kuma me ya kawo namiji madafa?"

Na ce to. Na jira ta tafi maƙwabta, na kinkimi tukunyar zuwa bayan ɗaki. Na kwarara ɗan ƙullun gindin wa kaji. Na sa garin sabulu da soso da yashi, na dirje ta ciki da waje har sau uku, na kankare ɓawon bakin da wuƙa, na kifa ta a rana. Ashe tukunyar ja ce! Shekara da shekaru ba wanda ya sani. Na tsaya ina kallonta ina jin daɗin kaina. Da uwargida ta dawo ta gani, hannu ta ɗora a ka ta zauna a ƙasa. Daga baya ta tashi ta kwaɓa gari a ciki, ta rufe, tana salati.

Ni kuwa bayan la'asar na jiƙa sanamakka a babban kofi, baƙi kamar gahawar jabana, na shanye, na bi da kafso biyu.

Ranar Laraba ba zan yi dogon bayani a kanta ba, don masu karatu na iya kasancewa suna cin abinci. Na dai je hawasha tattara kara. Tsakanin hantsi da azahar na yi gudun da ban yi ba tun ina saurayi. Akwai wata gabaruwa a ƙarshen gonata, ranar mun saba da ita ƙwarai. Taubashina na nasa gefen yana ɗaure kara, yana bi na da ido.

"Ya zol, mi kaka nema bayan iccen can? Wanga zuwa na shida ne."

"Bakin ruwa nake dubawa, kamar ya fashe."

"Ruwan da aka rufe tun wancan watan?"

"Kai dai yi aikinka."

"Ina yi. Na ga dai mazagin naka ya yi yawa yau."

Da ƙyar na turo keke zuwa gida, don hawa ya gagara. Ina shiga na tarar Inna ta dawo. Ko tob ba ta cire ba, tana tsaye a ƙofar madafa da tukunyar a gabanta. Ƙullun da aka kwaɓa jiya na nan yadda aka bar shi, bai tashi ba, bai yi ko kumfa ɗaya ba. Uwargida ta gwada shafa shi a doka, ya kakkarye, ɗanɗanonsa kamar kwali. Inna ta sa yatsa ta lasa, ta sunkuya ta sunsuna bakin tukunyar.

"Sabulu," ta ce a hankali. Sannan da ƙarfi: "Sabulu! Wa ya taɓa man tukunya?"

Uwargida ta dubi kaji. Kaji suka dube ni.

"Inna, baƙi ne za su zo, na ga ta yi datti..."

"Datti? Uwata ce dattin? Kakata ce dattin? Abin da ka ci ka girma har ka zama wanga tulu, shi ne datti?"

Na buɗe baki zan yi bayani, cikina ya riga ni, ya yi wata ƙara kamar injin ban ruwa. Na ce ina zuwa. Ko da na fito, Inna ta ɗauki ɗan ƙoƙo ta rufe da faifai ta fita. Gidan gwaggo ta nufa, uwar taubashina, wadda shekaru talatin da suka wuce ita Inna ta ɗibar wa iri. Matar da ba ta taɓa roƙon tsami ba ta ratsa ƙauye da ƙoƙo a hannu, rana tsaka, kowa na gani. Kafin ta dawo labarin ya riga ta zagaya gari.

Duk da haka da yamma na ƙara kafso biyu. Na ce tunda an fara shara a ƙarasa.

Ranar Alhamis aka raba gwangwanaye tun da sassafe. Kowa ya kai nasa a ɓoye, wani cikin aljihu, wani cikin hula, a jefa a akwatin ƙanƙara a bayan makaranta ana kallon sama. Bayan nan sai a shiga aji ɗaya bayan ɗaya Daktora ta yi tambayoyi. Da aka zo kaina na shiga ina takawa da ƙarfi, ko da yake bango nake bi.

"Kawu, lafiya? Idanunka sun faɗa."

"Tunanin al'umma ne, ɗiyata."

Ta tambayi abin da nake ci da safe, da rana, da dare. Na faɗa, na ɗan ƙara. Ta tambayi ruwan da nake sha. Sannan ta ce, "Ka yi gudawa a makon nan?"

"Ni? Ki tambayi gari."

"Ka sha wani magani a watannin nan? Kafso, ko na gargajiya?"

"Rabona da magani tun rigakafin da aka yi mana muna yara, shi ma allurar ce ta lanƙwashe."

Ta ɗora alƙalami za ta rubuta kenan aka turo ƙofa. Inna ce, da nata gwangwanin ƙulle a gefen tob. Ta dire wani abu a kan tebur. Takardun kafso ne guda biyu da babu komai a ciki, da sauran ledar sanamakka. Uwargida ce ta tsinto su a aljihun jallabiyata.

"Habboba, ba a shigowa in ana..." in ji Daktora, don haka take kiran kakarta da Larabci.

"Rufe man baki, ni na yi wa uwarki wankan jego. Tambayi wanga ƙaton mi ya sha."

Daktora ta ɗauki takardar kafson ta juya ta. Ta dube ni. Ta ƙirga ramukan da yatsa. Ta sake dubana.

"Kawu, duk wannan cikin kwana biyu?"

"Shara na yi muku," na ce. "Baƙi za su duba wuri, a bar shi da datti?"

Ta ajiye alƙalamin, ta rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunta na rawa. Na ɗauka kuka take yi. Da ta ɗago hawaye ne kuwa, amma na dariya.

"Kawu, waɗanda muka zo gani su ka kora. Kafson nan ba ya tambaya wane ne mugu wane ne na kirki, duk wanda ya tarar kaɗa shi yake yi. Ka bi da sanamakka ka kwashe sauran. Yanzu in na duba naka, cikin mai shan magani zan gani, ba cikin mai cin kisra ba. Dole in ware shi, ba zai shiga binciken ba."

"A ware? Nawa?"

"Naka. Sai bayan watanni, in mun dawo."

"Daidai abin da ya yi wa tukunyata," in ji Inna. "Ya dirje ta da sabulu, ƙullu ya ƙi tashi."

"Wallahi Habboba kin fi ni iya bayani. Tsamin tukunyarki ma ƙananan halittu ne ke yin sa. Sauran nan da kike bari a gindi, su ne."

Inna ta gyara tsayuwa, ta dube ni sama da ƙasa. Tun da nake ban taɓa ganin ta ji daɗin magana irin wannan ba.

Ni kuwa tsoro ya fara kama ni. Na ce, "To za su dawo? Ko shi kenan na zama kango?"

Ta ce yawanci suna dawowa a hankali, wasu cikin makonni, wasu su daɗe, wasu kuma ba ta da tabbas. Na ce ko in je gidan gwaggo a ɗibar mini iri ni ma. Ta ce ba haka abin yake ba, na tukunya daban na hanji daban, kuma wutar doka na kashe na ƙullun. In dai bar kafson nan tunda ba likita ya ba ni ba, in sha ruwan gishiri da sukari, in koma cin abin da na saba, wake da ganye da nono, in bar ciki ya gyara kansa.

"Marara fa?" na tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Ɗanyen nama, a cikin da yake haka? Kawu, ni da za ka ji tawa, da kai da su duk ku bar ta. Tana ɗauke da cuta."

Na roƙe ta kada ta faɗa wa kowa. Ta ce aikinta bai yarda ta faɗa ba ko ban roƙa ba. Ta kuwa cika alkawari, har yau ba ta taɓa buɗe baki ba. Sai dai tagar ajin ba ta da gilashi, muryar Inna kuma tun tana budurwa ake jin ta daga tsallaken tur'a. Ina fitowa na ga taubashina jingine da bango, daidai ƙarƙashin tagar, yana sakace haƙori.

"Ma'alesh, sai haƙuri, ya zol," ya ce. "Ashe shekara da shekaru leburori ne ke aikin, kai kana inuwa kana kurin amfanin gona. Ana gobe girbi kuma ka sallame su."

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci gari ya yanka wa baƙi rago na sallama, a ƙofar gidana. Aka shimfiɗa tabarmi. Na zauna wurin da na saba zama, na ɗaure fuska. Can sai ga kwanon marara, albasa na ƙyalli, ƙamshin lemun tsami na tashi. Mai ɗauke da shi ya tsaya a tsakiya, ya dubi liman.

Na yi sauri na ce, "Allah gafarta malam, a yi adalci. Cewa na yi in Daktora ta ga aibi, ko ta ce wani ya fi ni. Ba ta duba ba balle ta gani. Shari'a ba ta zauna ba."

"Ba ta duba ba don ba ta tarar da kowa a gida ba," in ji taubashina. "An karɓi na liman, an karɓi na ladan, an karɓi na tsohuwar da ba ta da haƙori ko ɗaya. Duk garin nan naka kaɗai aka mayar. In wannan ba aibi ba ne, mi ne ne?"

Aka juya ga Daktora, wadda ke tsaye a bakin zaure. Ta ce ita ba ta san komai ba, ba ta ga komai ba, ta shige ciki.

Liman ya shafa gemu. "To ga kwano ga mai shi. In cikin na nan yadda muka san shi, bismilla, sa hannu."

Aka dire shi gabana. Na naɗe hannun riga. Na dubi hantar nan, ita ma kamar tana dubana. Na miƙa hannu har yatsuna sun taɓa albasa, sai cikina ya yi magana. Ba ƙaramar magana ba, doguwa ce, mai hawa da sauka, har wanda ke ƙarshen tabarma sai da ya waiwayo. Na tsaya da hannu a sama. Na auna nisan da ke tsakanina da bayan gida, na auna yawan mutanen da zan tsallake. Na janye hannuna, na tura kwanon da bayan yatsu zuwa gaban taubashina.

Ya ɗauki yanka ɗaya, ya tauna a hankali, ido rufe, kamar mai sauraron karatu.

"Gishiri ya ji," ya ce.

Ban jira sauran ba. Na tashi da abin da ya rage mini na girma na shiga gida. A tsakar gida na tarar da Inna zaune kan kujera 'yar tsugunne, tukunyar na gefenta. Irin da ta roƙo ya kama, ƙullu ya tashi har yana tsattsafo kumfa, tsaminsa ya cika gidan. Bakin tukunyar ma ya fara sabon ɓawo. Ta dama koko a ƙwarya, ba ta ko dube ni ba ta miƙo.

Na tsuguna na karɓa. Don kada a ce na yi shiru na ce, "Inna, ki bar ni da su. Wata uku kawai. In Daktora ta dawo za ta ga cikin da ba ta taɓa gani ba."

"Sha, ka rage surutu," ta ce. "Da kai da wagga tukunya duk ni nika zuba muku shekara da shekaru, amma ban taɓa jin ita ta tahi rakuba ta yi kurin cikinta ba."